Ga ƙanena mai tambaya daga Auyo

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji a Amurka ana haɗa ɗaliban injiniya rukuni-rukuni su yi wa al'umma aiki, kana fargabar ɗan ƙauye da bai goge da kwamfuta ba zai zama ɗan rakiya.

Haka ake yi, amma ba a kowace jami'a ba. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna shi ne EPICS, wanda Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana ta fara a 1995. Ana cuɗa ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe, a haɗa su da wata makaranta ko ƙungiyar nakasassu mai buƙata, kuma da maki. Aiki ɗaya kan ɗauki shekaru, waɗannan su kammala su tafi, na baya su ɗora.

Kwamfuta ba ta dame ni ba, zango ɗaya ya ishe ka ka kama hannu. Kawaicinmu nake jiye maka. An rene mu kada mu tari numfashin na gaba, nan kuwa a ƙarshen zango kowa zai cike takarda ya auna abokan aikinsa. Ko kai ka kwana kana haɗa wayoyi, in ka yi gum a taro sai a rubuta ba ka tsinana komai ba. Ba aikin gayya ba ne da kowa ke ganin kunyar da ka nome.

Alhali kai ne mai abin faɗa. Ka ga burtsatse mai sola da aka ƙaddamar da kiɗa, kafin damina ta zagayo famfo ya ƙone, kwamiti ya watse a kan kuɗin gyara, mata suka koma rijiya da guga. Ka san yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe faifan sola, da yadda ciyawar kachala ke toshe hanyar ruwa a fadamar Haɗeja. Ɗan Shikago zai lissafa maka ƙarfin famfo tsaf, amma da wuya ya tambayi wa zai riƙe makulli, ko ina za a samo kayan gyara in ba a tafi Kano ba. To, nan ne irin waɗannan ayyuka ke mutuwa.

Kafin ka cike takardun neman gurbi, zauna da masu gyaran injin ban ruwa a Haɗeja. Rubuta abin da ya fi lalacewa da dalilinsa, ka ɗauki hotuna, ka sa labarin a wasiƙarka ta neman gurbin. A gaida su Baba.