Likitan Waya: Amsoshin Wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 3 ya kwana biyu da zazzaɓi, tana gudun layin asibiti, ko likitan waya zai wadatar.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ki kwantar da hankalinki, amma ki goya shi zuwa asibiti yau ɗin nan. Zazzaɓin cizon sauro sai an gwada jini ake tabbatar da shi, kuma babu kyamarar da ke taɓa cikin yaro ko sauraron ƙirjinsa. Idan kuwa ya fara shiɗewa, ki kira lambar gaggawa 112.

Wani dattijo daga Asawase mai hawan jini ya ce likitansa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, asibitin da muke kira Gee, ya yarda su riƙa magana ta waya.

Baba, wannan ba laifi, tunda ya taɓa duba ka ido da ido. Ka sayi na'urar awon jini, kuma kada ka tsallake ranar komawa.

Sai wani saurayi da ke murna ya samu "likita" a WhatsApp, wanda ke rubuta masa tramadol da zarar ya tura kuɗi ta momo, yana tambaya ko ya ci gaba tunda ya fi araha.

Ɗana, wannan tambaya ba ta kamata ta fito daga bakin mai hankali ba. Mutumin da bai san nauyinka ba, bai taɓa bayan da kake cewa yana ciwo ba, ya karɓi sidinka ya rubuta maka ƙwayar da ta lalata samarin zangonninmu, shi kake kira likita? A Ghana doka mai lamba 857 ta 2013 ta wajabta wa duk mai aikin likita yin rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, ko a ɗaki yake duba mutane ko ta waya, asibiti kuma sai da lasisin HeFRA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci. Tramadol maganin da ba a bayarwa ne sai da takardar likita, kuma mai ƙaramin kantin magani na unguwa ba shi da izinin sayar da shi, ko da kuwa kana ganin ana yi.

Amurka ma da ta yi nisa a wannan harka ta ɗanɗana kuɗarta. A 2001 wani yaro mai shekara 18, Ryan Haight, ya mutu da ƙwayar da ya saya ta intanet bisa takardar likitan da bai taɓa ganinsa ba, sai a 2008 aka kafa doka da sunansa cewa irin waɗannan magunguna sai an duba mara lafiya gaba da gaba aƙalla sau ɗaya. Annobar korona ce ta sa aka sassauta.

Ka nemi cikakken sunan mutumin naka da lambar rajistarsa da asibitin da yake aiki, ka tuntuɓi majalisar. Ina kyautata zaton kafin ka gama tambaya zai toshe lambarka.