Tayar Gwanjo Ko Sabuwa: Amsa Ga Mai Motar Dakon Kaya

Wani ɗan kasuwa da ke saro kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano yana kaiwa Haɗeja ya aiko da tambaya. Ya ce yana da hayis guda ɗaya da ya cire wa kujeru, tayoyinta biyu na baya sun fara suɗewa, kuma mai faci ya samo masa na gwanjo a rabin kuɗin sababbi. Yana so ya san ko ya saya, tunda jarinsa ya yi ƙasa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka saya, kuma zan fara maka da lissafi, domin shi ne abin da ya kawo ka.

In ka sayi taya, abin da ka biya wa kuɗi shi ne zurfin zanen da ke jikinta. Sabuwa tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. In ya sauko zuwa milimita 1.6 tayar ta gama aiki, wannan ita ce iyakar da doka ta sa a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, kuma daga can ne tayoyin gwanjo da yawa ke fitowa. Ka ga ke nan abin mora a sabuwar taya milimita 6.4 ne. Ta gwanjo, in ka yi sa'a, za ka same ta da milimita 4, abin morarta 2.4 kawai. Mu ƙaddara sabuwa naira dubu 100 ce, ta gwanjo dubu 50. Kowace milimita a sabuwa ta tsaya maka a kan naira 15,625, a ta gwanjo kuwa ta haura naira 20,800. Ka sa ainihin farashin da aka gaya maka ka sake bugawa, za ka ga araha a ido ce kawai. Ban ma sa kuɗin faci ba, da wunin da za ka ɓata a gefen titi da kayan mutane a mota.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an yi tafiya da ita babu iska har wayoyin cikinta sun yi rauni ba. Wasu marasa tsoron Allah ma suna sassaƙa suɗaɗɗiyar taya da wuƙa don zanen ya fito kamar sabo, alhali naman da ya rage tsakanin waya da kwalta ba shi da kauri. Tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Najeriya, don haka babu wanda za ka riƙe in ta fashe maka.

Zanen nan kuwa aikinsa fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. Da rani suɗaɗɗiyar taya za ta iya yaudararka. Ranar da aka yi ruwan farko, mota na ɗauke da buhunan sukari da jarkokin mai, ka taka birki, ruwa ya shiga tsakanin taya da kwalta, sitiyari ya daina jin magana. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, tsohuwar taya mai ƙarancin iska da lodi a kanta ta ɗauki zafi ta fashe ana cikin gudu. A motar akwai direbanka da yaron mota, a titi kuma akwai 'ya'yan mutane. Wannan ya fi damuna a kan kuɗin.

In ka je sayen sabuwar, ka karanta gefenta da kanka. Nemi harafin C a ƙarshen lambar girmanta, kamar 195R15C, shi ke nuna tayar motar kaya ce. Kusa da shi za ka ga lamba irin 106/104. 106 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota, ko da ta shiga rim ɗinka, ba ta da wannan ƙarfin. Sannan ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko a shago take, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana duba wannan lamba a kan hanya. Ka zaɓi wadda aka yi kwanan nan.

Tsofaffin ma kada ka yar da su ba ka dube su ba. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. In gefe ɗaya ne, motar na buƙatar alaimen, kuma in ba a yi ba sababbin ma haka za su ƙare. A riƙa gwada iska da safe kafin motar ta fita, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, ba bugun ƙafa ba.

Batun jari fa? Ba dole sai huɗu a lokaci guda ba. Sayi biyu iri ɗaya ka sa a baya, inda nauyi yake. In kuɗin bai kai ba, rage kayan da kake sarowa na tafiya ɗaya ko biyu, ko ka nemi dilan ya raba maka biyan gida biyu. Daga nan kuma ka raba kuɗin tayoyi huɗu da yawan zuwan da kake sa ran za su yi maka, duk zuwa ka ware wannan kason a wani asusu daban, ka kuma sa shi a cikin farashin kayanka kamar yadda kake sa kuɗin fetur. Kada ka bar wa direba sayen taya daga kuɗin balas; ka je da kanka, ka karɓi rasidi.