Wake-wake, Toka-toka da Fingi: Abin da Sunan Kaza Yake Faɗa da Abin da Yake Ɓoyewa

Tambayoyi uku ne suka taru a kan kaji, biyu a kan kalmomi, ɗaya a kan karin magana. An haɗa su wuri guda domin tushen amsarsu ɗaya ne: sunan da Bahaushe ya ba kaza sunan abin da ido ya gani ne, bai yi wa kowa alkawarin abin da za ta ƙyanƙyashe ba.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta ce: "A kasuwar Sabon Gari an nuna mini kaji biyu da ba su yi kama ba, kowacce an ce wake-wake ce. Mece ce ainihin ma'anar kalmar? Kuma toka-toka daidai take da ruwan toka?"

Hajiya, masu kajin ba su yaudare ki ba. Idan Hausa ta ninka suna irin haka, tana nufin "mai kama da" ko "ya ɗan yi", ba shi ne ainihin abin ba. Shi ya sa muke da fari-fari, baƙi-baƙi, jaja-jaja, ƙasa-ƙasa. A wajen furuci ma wasalin ƙarshe gajarcewa yake yi: toka da dogon wasali take ƙarewa, amma toka-toka a taƙaice ake yanke ta. To, wake-wake daga wake aka ɗauko ta, wato fari da baƙi sun cakuɗu a jiki ɗaya ƙanana-ƙanana. Toka-toka da ruwan toka launi ɗaya suke nufi, sai dai "ruwan wani abu" hanya ce ta daban ta ƙirar sunan launi, irin ta ruwan goro, ruwan ɗorawa da ruwan zuma, kuma an fi jin ta a bakin masu yadi. Idan kuwa launin bai da gauraye, sai a ƙarfafa shi: fara fat, baƙa ƙirin, ja wur. Doki ne Bahaushe ya ware wa sunaye na musamman, akawal, kili, danda, bidi, hurde, gunya. Kaza da kalmomin yau da kullum aka sallame ta, don haka suna ɗaya kan rufe iri biyu.

Ki kama kajin nan biyu, ki ɗaga gashi guda a bayan kowacce. A ɗaya za ki ga gashin baƙi ne tun daga tushe, bakinsa kaɗai ke da ɗigon fari. A ɗayar kuwa ratsi ne a gicciye, fari, baƙi, fari, baƙi, har ƙarshe. Daga nesa duk wake-wake ne, amma gadonsu ya sha bamban.

Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga zakara, ɗaya daga kaza. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko guda ɗaya aka samu sai ta bayyana. Wata kuma mai laɓewa ce, ba ta fitowa sai an same ta daga uwa da uba duka. Ɗigon farin nan mai laɓewa ne. Idan kika haɗa mai ɗigo da baƙin zakaran da ba ya ɗauke da ƙwayar, 'yan tsakin duk baƙaƙe za su girma, sai a jikoki ɗigon ya dawo. Kuma mai ɗigo tana ƙara fari duk lokacin da ta sake gashi, don haka tsohuwa ta fi sagara haske.

Ratsi kuwa mai rinjaye ne, kuma yana kan zaren gadon da ke raba namiji da mace. A kaji zakara ne ke da zare biyu iri ɗaya, ana rubuta su ZZ, kaza kuma tana da ZW. Kaza tana ba 'ya'yanta maza Z ɗinta, mata kuma W, wanda ba ya ɗauke da ratsi. Saboda haka idan zakara marar ratsi ya bi kaza mai ratsi, duk mazan za su fito da ratsi, matan babu ko ɗaya. Tun ranar ƙyanƙyasa ana gane su: namijin yana da ɗigon fari a tsakar ka. Da wannan haɗin ake samar da baƙaƙen kajin ƙwai na gidan gona, masu ɗan ja a wuya: uban ja ne, uwar mai ratsi, kuma zakarun nan masu ratsi da ake sayarwa da araha 'yan'uwansu ne maza. Idan aka juya haɗin, zakara mai ratsi a kan baƙar kaza, dabarar ta lalace, domin ratsin zai shiga maza da mata.

Toka-toka ma iri biyu ce, kuma nan ne masu kiwo suka fi yin asarar lokaci. Wadda aka fi gani baƙar kaza ce da ƙwaya ɗaya ta sirka mata baƙin. Alamarta ita ce gefen kowane gashi ya fi tsakiyarsa duhu, wuyan zakaran da bayansa kuma sun kusa baƙi. Wannan ba ta taɓa tsayawa iri guda. Toka-toka da toka-toka suna ba da kashi huɗu: ɗaya baƙi, biyu toka-toka, ɗaya fari-fari mai dabbare-dabbaren toka, wanda ya samu ƙwayar sau biyu. Kajin Andalusiya na ƙasar Sifen su ne sanannen misalin wannan a littattafan kimiyyar gado. Mai son 'yan tsakinsa su fito toka-toka dukkansu, sai ya haɗa baƙin da mai dabbare-dabbaren nan, biyun da ya saba yankawa. Iri na biyu tokarsa sumul take ba duhun gefe, tana dusashe har da jan gashi ya koma kamar ruwan kara. Ita mai laɓewa ce, kuma idan aka haɗa biyu irinta, irinta kaɗai suke haifa.

Wani Malam daga Samaru ya ce: "Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zakarana ja ne, kazar baƙa, amma cikin 'yan tsaki goma, guda biyu sun tashi farare fat. Karin maganar ce ba ta yi daidai ba, ko albasa ce ba ta yi halin ruwa ba, ko kuwa zakaran maƙwabta ne?"

Malam, karin maganar biyu ba sa faɗa da juna, kowacce da wurin da ake jefa ta. Ta barewa ana faɗinta ne idan ɗa ya nuna ƙwarewar da aka san gidansu da ita, ɗan maƙeri ya iya ƙira, ɗan malami ya iya karatu. Ta albasa kuwa zargi ce: ruwa ne ya rene ta, ruwa bai da wari bai da yaji, ita kuma ta fito da duka biyun. Ana yi wa ɗan mutumin kirki da ya lalace. Fararen tsakinka ba su cancanci ta biyun ba, domin gadon gidansu suka ɗauko, sai dai na kakanni ne.

Farin kaza iri biyu ne. Akwai mai laɓewa, wanda ke hana jiki yin launi gaba ɗaya idan an same shi sau biyu. Jan zakara da baƙar kaza kowannensu na iya ɗauke da guda ɗaya ba tare da ko gashi ɗaya ya nuna ba, kuma idan suka haɗu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu fari zai fito. Biyu cikin goma bai yi nisa da wannan lissafi ba. A lura, ɗaya cikin huɗu ba ya nufin kowane kwanci sai ya ba da haka daidai. A ƙwai goma ana iya samun huɗu ko a rasa gaba ɗaya, sai an tara 'yan tsaki arba'in ko hamsin kafin rabon ya fara daidaita. Akwai kuma fari mai rinjaye, irin na fararen kajin Leghorn, wanda guda ɗaya ya isa ya rufe baƙi. Shi ba ya iya ɓuya: in yana nan sai an gan shi a jikin uwa ko uba. Yana rufe baƙi sosai amma ba ya iya rufe ja, shi ya sa za ka ga jajayen kajin ƙwai da fari a jela, a gurbin da ya kamata baƙi ya kasance. Daga nan ne kuma ake samun abin da ya fi naka ban mamaki, farin zakara da farar kaza su haifi masu launi: idan ɗaya yana da mai rinjaye guda tak, ɗayan kuma farinsa mai laɓewa ne, rabin 'ya'yan na iya fitowa da launi. Wannan ilimi da kaji aka fara tabbatar da shi a dabbobi. Gregor Mendel ya wallafa aikinsa a kan tsirrai a 1866, sai a 1902 William Bateson na Kambirij a Ingila ya nuna ƙa'idar tana aiki a kaji.

Zargin zakaran maƙwabta kuwa ana iya gwada shi, ba sai an ɓata zumunci ba. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku bayan barbara, don haka kulle ta kwana biyu bai tsarkake komai ba. Ka killace ta da zakaranka kaɗai, ka cinye ƙwan makonni uku na farko, wanda ya fi son tabbaci ya kai huɗu. Daga nan ka tara na kwana bakwai, kada su wuce haka domin ƙyanƙyasa na raguwa, ka ajiye su a wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa, ka rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowanne. Kazar Hausa tana rufe goma zuwa goma sha biyu. Bayan kwana 21 sai ka duba, amma kada ka yanke hukunci da gashin haihuwa, domin ɗan tsako mai ruwan ɗorawa na iya girma fari, ko ja-ja mai haske. Ka jira makonni shida zuwa takwas. Idan fari ya sake fitowa, daga cikin akurkinka yake.

Tunda maganar gado ake, akwai karin magana ta uku da kaji suke juya wa baya: kyan ɗa ya gaji ubansa. A kan zaren Z ɗin nan akwai wata ƙwaya mai fuska biyu, ɗaya tana barin ja ya fito, ɗaya mai rinjaye tana mayar da shi fari. Idan jan zakara ya bi kazar da farinta na wannan ƙwaya ne, 'ya'ya mata ne ke gadon jan uban, mazan kuma su ɗauko farin uwar. Haka ake haɗa yawancin jajayen kajin ƙwai na kasuwa irin su ISA Brown, kuma shi ya sa ma'aikacin wurin ƙyanƙyasa yake raba maza da mata da ido tun kwana ɗaya. Mu a Zariya abin a ƙofar gidanmu yake, domin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da kazar Shika Brown ta hanyar haɗa layin uba da layin uwa daban-daban. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi jajayen kaji da fararen zakarunsu a haɗa a gida, ana zaton za a sake samun irinsu. Farin zakaran nan yana ɗauke da fuskokin biyu, don haka rabin matan za su fito fari-fari, rabin mazan ja, launi ya daina faɗin jinsi, yawan ƙwai ma ya bambanta daga kaza zuwa kaza. Kajin maja kuwa, wato masu gaurayen iri, tun asali launinsu barkatai ne, ba a gane jinsinsu da shi.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce, daga wata ɗaliba a Kongo: "Fingi da durgu sunayen launi ne?"

A'a. Za ki iya samun fingi baƙa, fara ko ja. Fingi magana ce a kan yanayin gashi, kazar da gashinta bai kwanta luf ba, ya murɗe ya tashi ko ya yi ƙaranci. A wasu garuruwa mai murɗaɗɗen gashin shazumama ake ce mata. Durgu kuwa gajerun ƙafafu ne, kuma ana faɗinta har ga mutum, ko da yake ba kalmar yabo ba ce.

Duka biyun suna da haɗari idan aka haɗa iri da iri. Murɗewar gashi ƙwaya ɗaya take buƙata. Idan uwa da uba duk masu murɗaɗɗen gashi ne, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai samu biyu, gashinsu ya zama siriri mai karyewa, jiki ya yi sanƙo-sanƙo, kuma irin waɗannan ne sanyin hunturun Zariya yake fara kashewa. A haɗa ta da mai kwantaccen gashi, rabi su fito irinta lafiya lau. Durgu kuma hanya biyu gare ta. Akwai wadda dukan jikin ne ƙarami, wannan a kan zaren Z take kuma mai laɓewa ce, ba ta kisa. Akwai kuma wadda jikin cikakke ne, ƙafafun kaɗai suka gajarce. Ita wannan idan ɗan tayi ya same ta daga ɓangare biyu, yana mutuwa a cikin ƙwai tun kwanakin farko na kwanci. Mai irin wannan durgun zai ga kusan ƙwai uku cikin goma sha biyu suna zama baragurbi a kowane kwanci, ya ɗora wa kazar laifin rashin iya kwanci, alhali maganin shi ne ya canza mata zakara mai dogayen ƙafafu.