Ciwon dajin pankiriyas ya naɗe jijiya: ko akwai sauran damar tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 61 ne. Idanunsa suka yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, muka yi wata biyu muna ba shi maganin shawara. Hoton CT ya nuna ciwon daji a kan pankiriyas. Likita ya ce bai kai hanta ba, amma ya naɗe jijiya, ba za a yi tiyata yanzu ba. An cire rai ke nan?
Wata 'yar uwa daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, "ba yanzu ba" likita ya ce, ki riƙe wannan.

Pankiriyas, sashen jikin da ke samar da ruwan narkar da abinci da kuma daidaita suga, yana kwance a bayan tumbi, manne da babbar jijiyar da ke kai wa hanji jini. Idan ƙullun ya zagaye fiye da rabin jijiyar, wuƙa ba za ta iya kwashe shi kakaf ba, abin da aka bari kuwa sai ya sake tsiro. Shi ya sa ake fara ƙarin ruwan maganin daji (kemoterapi), galibi haɗin magungunan da ake kira FOLFIRINOX duk mako 2 na tsawon wata 4 zuwa 6, ko gemcitabine ga wanda jikinsa ya yi rauni. Kafin nan a saka ɗan bututu a buɗe hanyar ruwan matsarmama, don rawayar ta sauka. Sai a maimaita CT da gwajin jini na CA 19-9, mai auna alamar ciwon a cikin jini. Idan ƙullun ya tsaya, gwajin ya sauka, wasu suna kaiwa ga tiyata. Ba kowa ba, gaskiya ke nan.

Aikin shi ne na Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan pankiriyas, farkon ƙaramin hanji da matsarmama, sannan a ɗinke ragowar pankiriyas ɗin da hanji. Inda aka fi samun matsala shi ne ɗinkin pankiriyas: ruwansa narkar da abinci yake yi, idan ya yoyo cikin ciki yana iya cin jijiya ya jawo zubar jini. Wasu kuma tumbinsu kan yi makonni bai sauke abinci ba. Bayan sallama, da yawa sukan buƙaci ƙwayoyin narkar da abinci, wasu ciwon suga ya kama su.

Ku ɗauki faifan hoton CT ɗin, ba takardar sakamako kaɗai ba, ku kai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, likitan tiyata da na daji su duba tare. Ku tambayi mai aikin sau nawa yake yin Whipple a shekara, domin an fi tsira a hannun da ya saba. Maganin shawarar nan kuma a dakatar da shi yau, hantar Baba na buƙatar ƙarfinta kafin ƙarin ruwa.