Ba yogot ɗinki ne ya lalace ba, abarbar ce ta cinye shi

'Yar uwa, tun da safe na ga tambayarki, hidima ce ta hana ni zama sai yanzu. Kin ce kin markaɗa yogot da abarba da ƙanƙara don yara su sha saboda zafin nan, kofin farko ya yi daɗi, amma ragowar da kika sa a firij kafin yamma ya tsinke, ga ɗaci kamar an jefa ƙwayar magani a ciki. Kina son sanin ko yogot ɗin ne ba shi da kyau, da kuma yadda za ki haɗa ya tsaya da kaurinsa.

Kwantar da hankalinki, yogot ɗinki lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same ki ya taɓa samu na, kuma nawa ya fi naki ban kunya, don ni baƙi na yi wa. Na haɗa jug guda tun hantsi, na ɗanɗana na yaba wa kaina, na sa a firij. Da aka zo sha bayan la'asar, sai na ga babbar baƙuwar ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin a hankali, ta ce wai ba ta cika shan sanyi ba. Bayan sun tafi na ɗanɗana, sai da na tofar. Na ɗora wa madara laifi, na canza wata, na sake yi, ɗacin nan ya sake dawowa. Sai daga baya wata ƙanwata da ta karanci harkar abinci ta warware min zare da abawa.

Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira buromelin, aikinsa narkar da furotin. Shi ne yake sa ki ji harshenki na zogi idan kin ci abarba da yawa. To kaurin yogot gaba ɗaya furotin ɗin madara ne da ya dunƙule. Da zarar kin haɗa su, sinadarin nan sai ya shiga yayyanka furotin ɗin guntu-guntu, kauri ya tafi, guntayen da suka rage kuma su ne masu ɗacin. Ba nan take yake nunawa ba, shi ya sa kofin farko ya yi miki daɗi. Sanyin firij yana rage masa gudu ne kawai, ba ya tsayar da shi, ko daskarar da abarbar kika yi yana nan da ransa. Abin da yake kashe shi zafi ne. Ki yanka abarbar ƙanana, ki ɗora a wuta da ɗan ruwa cokali biyu ko uku, ta tafasa kamar minti 5, ki sauke ta huce sarai. Daga nan ki yi yadda kika ga dama da ita. Ta gwangwani ma ba ta wannan ɓarnar, don an riga an dafa ta a masana'anta.

Ba ita kaɗai ba ce. Gwanda tana da irin nata sinadarin, musamman wadda ba ta gama nuna ba, shi ne ma ake amfani da shi wajen tausasa nama. Ɗan itacen nan da ake kira kiwi ma haka, ɗanyar citta ma haka. Waɗannan huɗun, ko dai ki dafa su tukuna, ko kuma ki haɗa a shanye a take, kada a bar ragowa.

Sai maganar ƙanƙara, wadda ita ce rabin tsinkewar. Ƙanƙara ruwa ce, kina markaɗa ta tana narkewa, kafin a kai kofi baki an riga an sirka yogot ɗin. Ni na daina sa ta tuntuni. Abin da nake yi, 'ya'yan itacen nake mayarwa ƙanƙarar. In na samu mangwaro da ayaba sun nuna sosai, sai in fere, in yayyanka kamar girman kan babban yatsa, in baza a faranti ba tare da sun taɓa juna ba, in sa a firiza. Idan suka daskare sai in kwashe in zuba a leda ko roba mai murfi. Bazawar nan tana da muhimmanci, in kika zuba su tare tun suna ɗanye za su manne su zama dutse guda, ki zo kina sara da wuƙa. Kuma ki ɓare ayaba kafin ki daskarar, na taɓa sa ta da ɓawonta, sai da yatsuna suka ƙage kafin na raba ta da shi.

Awon da nake bi ba wuya: kofi 1 na yogot mai kauri, wato kamar mililita 250, kofi 1 na daskararrun 'ya'yan itace, sai rubu'in kofi na madara mai sanyi. Wannan zai ishi mutum biyu. Madarar za ki fara zubawa a blanda, sai yogot, 'ya'yan itacen su zo ƙarshe, don wuƙar ta samu abin juyawa. Ki markaɗa kamar rabin minti ki tsaya. Mutane suna barin blanda ta yi ta kuka minti biyu uku, alhali tana ɗumama abin ne, tana kuma ƙara tsinka shi. In ya yi miki kauri ki ƙara madara cokali-cokali. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa.

A wurina mangwaro ne sarki a wannan haɗin, ba na ma saurarar gardama. Yana ba da kala, yana ba da ƙamshi, zaƙinsa kuma yana danne tsamin yogot ba sai an nemi sukari ba. In mai zare ne ki tace shi da rariya kafin ki daskarar, in ba haka ba yara za su yi ta zaro zare daga haƙori suna ɓata fuska. Ayaba ita ce mai riƙe kauri, rabi ta isa, in ta yi yawa ba za ki ji ɗanɗanon komai ba sai nata, kuma tana sa haɗin ya yi duhu idan ya jima. Gwaiba tana da ƙamshi mai daɗi amma dole a tace 'ya'yanta. Kankana kuwa, kowa ita yake fara tunawa da zafi, amma kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne, don haka in za ki sa ta, kada ki ƙara madara ko kaɗan, ki haɗa mata da ayaba ta riƙe ta. Lemon zaƙi da na tsami ba sa ɓata yogot shi kansa, tunda dama mai tsami ne, amma in akwai madara a haɗin za su iya sa ta guda-guda. Ranar da zan sa lemo, da ruwan sanyi nake sassautawa maimakon madara.

Zaƙi kuma sai a ƙarshe. Ki markaɗa, ki ɗanɗana, sannan ki yanke hukunci. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, shi ya sa hannu yake zarcewa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari kusan giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a rana, wanda ga babba ya kama kusan giram 50, ga yaro bai kai haka ba. In yogot ɗin da kika sayo mai zaƙi ne, an riga an ci wani kaso tun kafin ki buɗe gwangwanin sukari. Ni dabino biyu nake jiƙawa a ruwan ɗumi su yi laushi in jefa. Zuma ma tana yi, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko ɗigo.

Akwai abin da mutane suke min dariya a kai har sai sun gwada: gishiri. Ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ba za ki ji shi ba, amma zai fito da zaƙin mangwaron. Kuma ba ni na ƙirƙiro ba, mutanen Turkiyya abin shansu na zafi da suke kira ayran yogot ne da ruwa da gishiri kawai, a Indiya ma nasu abin shan na yogot da suke kira lassi akwai na zaƙi akwai na gishiri. Ranar da rana ta dake ni sosai, irin wannan mai ruwa-ruwa nake yi wa kaina da ganyen na'ana'a, ya fi mai kaurin kashe min ƙishi. Mai kauri da zaƙi ya fi kusa da abinci, yaro zai sha ya ƙoshi, amma bai ɗauke masa shan ruwa ba.

Tunda kin ambaci cewa wani lokaci da kanki kike yin yogot ɗin, ga abin da zafi yake canzawa. Ki ɗumama madara lita 1 har ta kusa tafasa, wajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyos, wannan ne yake sa ya yi kauri daga baya. Ki bar ta ta huce zuwa kamar 43, in ba ki da ma'auni, ki ɗiga a bayan hannunki, ki ji ɗumi sosai amma ba ƙuna. Ki dama cokali 2 na yogot mara zaƙi a ciki, ki rufe, kada ki ƙara taɓa shi. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin wancan cokali biyun su ne za su ci sukarin madarar su mai da shi tsami, tsamin ya dunƙule furotin. Da sanyi yakan ɗauki awa 8 ko fiye, amma da bazara ki fara leƙawa tun daga awa 5, don ɗumin ɗaki yana sa su gudu. In kika bar shi ya kwana kamar yadda kika saba, za ki tarar ya yi tsamin da sai kin cika sukari kafin ya shawu. Yana kamawa ki kai shi firij ya yi awanni kafin ki markaɗa da shi. Ɗan ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa da yake tasowa a sama kada ki zubar, da shi za ki sassauta haɗin.

Wanda ba shi da blanda ma ba a bar shi a baya ba. A murje nunannen mangwaro ko ayaba a rariya da bayan cokali, a zuba a yogot mai sanyi, a burga da maburgi, ko a zuba a gora mai murfi a girgiza da ƙarfi.

Ajiya ita ce inda nake da tsauri. Haɗin nan na sha ne a take. In dole sai an ajiye, a rufe a sa can cikin firij, ba a jikin ƙofa ba, a shanye cikin kwana ɗaya. Idan ya ɗan rabu, ruwa ya koma gefe, ba lalacewa ba ce, girgizawa za ki yi. Amma in kin ji yana tsartsar harshe kamar lemon kwalba, ko gorar ta kumbura, ko warinsa ya canza, ki zubar kada ki yi ta wasiwasi. A wajen firij kuma kada ya wuce awa 2, in zafin ya haura digiri 32 awa 1 ce. Kofin da yaro ya sa wa baki ya ajiye, ba a mayar da shi cikin jug.

Ragowar nawa ƙananan kofuna nake zuba shi, in tsayar da cokali a tsakiyar kowanne, in sa a firiza. Washegari in ɗan tsoma gindin kofin a ruwa ya saki, kowane yaro ya riƙe nasa ta cokalin yana lasa. Ki gwada mangwaro da rabin ayaba tukuna, abarbar kuma ki dafa ta yau da dare ta kwana a firiza, gobe ki faɗa min ko ɗacin ya dawo.