Takaba: Riƙe Wuƙa da Hana Wanka Addini Ne?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu a wani ƙauye kusa da Ringim. Gwaggonninmu sun ce Innarmu ta riƙe wuƙa duk inda za ta, kada ta yi wanka sai ranar Juma'a, kada ta leƙa gona. Haka shari'a ta ce?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, 'yar'uwa. Riƙe wuƙa al'ada ce ta tsoron iskoki, ba ta da tushe a addini. Hana wanka ma haka, kuma cutarwa ce, musamman a zafin bazara, ga ƙuraje ga kwarkwata. Inna ta yi wanka kullum, ta wanke kai, ta sa tufafi masu tsabta.

Abin da aka hana ta shi ne ado: kwalli, lalle, turare, sarƙa da 'yan kunne. Ta riƙa kwana a gidan da mijinta ya bar ta. Da rana kuwa, a mazhabar Malikiyya, tana iya fita don buƙata, kamar asibiti, ko duba gona idan babu mai yi mata.

Muddar takaba wata huɗu ce da kwana goma (Baƙara, aya ta 234), mai ciki kuma sai ta haihu. Inda ake yawan kuskure shi ne lissafi: wasu sai bayan sadakar bakwai suke fara ƙirga. Daga ranar rasuwa ake farawa, da watan Musulunci. Idan ya rasu 5 ga Rajab, ta fita takaba 15 ga Zulƙida.

Ku nemi limamin garinku ya yi wa gwaggonni bayani cikin lalama, sun fi jin maganarsa.