Ga ƙanena na Argungu mai son zuwa karatun cinikin kabon

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka gama digiri a Birnin Kebbi, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son zuwa Jamus digiri na biyu kan cinikin kabon, don an ce maka nan kuɗin sauyin yanayi suka taru. Ka zo, ina bayanka. Roƙona shi ne kada ka ɗaure karatunka ga wannan kasuwa ita kaɗai.

Ka san yadda take: gwamnati ta ƙayyade yawan hayaƙin da masana'antu za su fitar, ta ba da takardun izini, wanda ya rage nasa ya sayar da ragowar ga wanda ya wuce kima. Tarayyar Turai ta fara a 2005, kuma da farko an raba takardun fiye da kima har farashinsu ya kusa zama sifiri a 2007. Sun gyara daga baya, domin suna da masu auna hayaƙi da hukumar da ake tsoro. Mu namu hayaƙin daga itacen girki yake fitowa, da janareto, da tsofaffin motoci, da gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta. Wa zai bi waɗannan ya auna, balle ya sayar musu da takarda?

Abin da ya sauya ƙauyukan Jamus dokar 2000 ce. Ta ce duk wanda ya samar da wuta daga rana ko iska, dole a saya daga gare shi a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Idan ka shiga jirgin ƙasa ka bi ta Bavaria, za ka ga rufin garken shanu shimfiɗe da farantan sola, ƙasa ana tatsar madara, sama ana sayar da wuta. Manomi ya je banki da wannan alkawari aka ba shi bashi. Jama'a ne suka biya ta wani ƙari a kuɗin wutarsu, sun kuwa yi ƙorafi, sai 2022 aka cire shi. Amma yawan sayen ya sa masana'antun Sin suka faɗaɗa, farashin faranti ya faɗi warwas. Wannan arha ce ta sa yau mai noman rani a fadamar Suru yake iya tambayar kuɗin injin ban ruwa na sola.

Akwai kuma haraji kai tsaye a kan hayaƙi. Suwidin ta sa nata tun 1991, Afirka ta Kudu a 2019. Faransa ta ƙara harajin mai a 2018, masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna. Mu ma mun ɗanɗana irinsa ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur. A takarda, tsadar mai tana rage ƙona shi. A fadama kuwa ka gani da idonka: wasu sun haɗa tukunyar gas da injin ban ruwa, wasu sun rage gonar shinkafa. Wallahi wannan na cina rai, domin an tsadantar wa talaka da abin da yake amfani da shi ba a ba shi madadi ba. Wanda zai iya tsara bashin sola da manomi zai biya bayan girbi, shi Kebbi take nema.

Sannan ka dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka daina sare kututturen da ke tohowa a gona, suna rage rassan su bar masu ƙarfi. An ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo haka. Babu wanda ya sayar musu da takardar kabon. Tabbaci suka samu cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne. Gawo kuma ka san halinsa, yana zubar da ganye da damina gero ya sha rana, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa.

Saboda haka nemi kwas na makamashi mai sabuntawa ko tattalin arzikin noma, cinikin kabon zai zo maka a ciki a matsayin darasi. Yawancin jami'o'in gwamnati nan Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban wajen Tarayyar Turai. Don biza sai ka ajiye kusan Yuro 12,000 a asusu na musamman, sai dai in ka samu tallafin DAAD, wato hukumar Jamus mai ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu.

Kafin nan, ɗauki littafi ka shiga fadama bana. Tambayi manoma lita nawa suke ƙonawa daga dashe zuwa girbi, buhu nawa suke samu, nawa ne kuɗin sola a kasuwa. Da wannan za ka rubuta takardar neman gurbi. Turo mini in duba kafin ka aika. Ka gaida Inna da mutanen gida.